Muryar Magaji a Cikin Tankin Kifi

Tun ranar da na dawo bakina bai huta ba. In na je Islamiyya, tambaya. In na je barka ko suna, tambaya. Ko masu zuwa sayen kifin banda sai sun tsaya a bakin ƙofa sun ce, "Iya Tabawa, wai da gaske ɗanki cikin kifaye yake wuni?" Na ba da labarin har ya fara canja kama a bakin mutane. Shekaranjiya wata daga Indabo take ce min ta ji wai kifi ne ya haɗiye shi, ni kuma na yi addu'a ya amayo shi. Shi ya sa na ɗauko sauran littafina na yaƙi da jahilci, na ce bari in rubuta sau ɗaya yadda abin ya faru. Wadda ta ga harafi ya karkace ta yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da wuƙar gyaran kifi.

Kun dai san ni, ba mai son fita ba ce. Ko Kano in na shiga, kafin la'asar hankalina ya koma kan murhun bandata. To, ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba, Magaji muke ce masa, ya karanta kiwon kifi a jami'ar nan ta garinmu Wudil, daga nan ya tafi ƙaro karatu Maleshiya, ya sami aiki a can ya zauna. Ya zo ya auri Rukayya 'yar Dagumawa ya tafi da ita. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, don haka da haihuwa ta matso aka ce ni zan je in yi mata wankan jego. Malam, mai gidana, gwiwa ta hana shi ko shiga kwale-kwale, balle jirgi. Ya ce, "Je ki, ki gano mana."

Duk shekarun nan in na tambayi Magaji aikin me yake yi, amsarsa ɗaya ce: "Gidan kifi ne, Inna, kula da su muke yi." Ni kuwa sai in ƙiyasta irin kududdufin sumintin nan na masu kiwon tarwaɗa, yana tsaye a baki yana watsa musu abinci.

Allah ya haɗa ni da abokiyar tafiya, Malama Bilkisu, mai koyarwa a jami'a. Ta daɗe tana sayen kifi a wajena, kuma za ta koma can ƙarasa karatunta. Muka hau motar Kano daga Sabon Garin Wudil da safe. Muna hawa gada na leƙa kogi, na ga masunta biyu sun rungumi gora suna yawo a kan ruwa, sai na ji kamar in ce direba ya tsaya in sauka. Malama ta kalle ni ta ce, "Iya, ko Garko ba mu je ba kin fara kewa?" Na ce ai Garko ba ta wannan hanyar take ba. Ta ce ta sani, so take ta ji ko hankalina yana jikina.

Jirgi ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Kunne ya toshe, ƙafa ta kumbura, aka kawo abinci a 'yan mazubai kamar na wasan 'yar tsana. Muka sauka a Habasha muka canja wani. A can na fara ganin matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya ina karanta yadda mutane suke taka ta, na ɗaga ƙafa na fasa har sau uku, wani dattijo baƙo da ke bayana ya gaji ya miƙo min sandarsa na kama, muka hau tare kamar makaho da ɗan jagora, ban san wane ne makahon a cikinmu ba.

Inda aka yi abin dariya shi ne wajen masu binciken kaya a Kuala Lumpur. Na ƙullo kayan jego: gero, kanwa, daddawa, kuka, yajin jego, da bandar tarwaɗa guda goma sha biyu da na zaɓa da hannuna. Wata ma'aikaciya mai ɗan kwali, yarinya ƙarama da fara'a, ta kwance ƙullin daddawa, ta ja baya ba shiri, ta mayar ta ɗaure. Da ta zo kan kanwa sai fara'ar ta ɗauke. Ta kira wani, wanin ya kira wani. Malama Bilkisu ta raɗa min cewa ƙasar nan ba sa wasa da maganar ƙwaya, kuma kanwar tawa ta yi musu kama da wani abu. Na ce to ki gaya musu kunu ake yi da ita. Ta gaya musu, ba su gane ba. Sai na ɓalli kaɗan na sa a baki, na nuna cikina, na yi alamar rungumar jariri da ba shi nono. Yarinyar ta yi dariya har tana rufe baki. Suka ɗiba suka gwada a wata na'ura, suka dawo min da ita. Kifin ne dai suka riƙe, suka ce dokarsu ba ta bari. Suka ba ni haƙuri da ladabi, amma na bar wurin ina waiwaye. Da itacen marke na banda kifin nan.

Magaji yana tsaye a waje. Ya durƙusa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, na kau da kai na amsa, kun san yadda muke da 'ya'yan fari. Amma na ga ya yi faɗi a kafaɗa, fuskarsa kuma da wani shaci daga goshi zuwa haɓa kamar an ɗaura masa wani abu an cire. Na lura, ban tambaya ba.

Gidansu a hawa na goma sha huɗu yake. Ba tsakar gida, ba inuwa, ba inda za ka kafa murhu. Na kwana uku ban yarda na matsa kusa da taga ba. Na zo da butata tun daga Wudil, na tarar kowane banɗaki da 'yar tiyo a jikin bango, har na masallaci da na kasuwa. A nan na ce lallai mutanen nan Musulmi ne na gaske. Kuma ba mai shiga gidan wani da takalmi, ko mai gyaran wuta sai ya tuɓe a ƙofa.

Na sami Rukayya da kwana huɗu da haihuwa, 'ya mace, aka sa mata sunana, muna kiranta Ummi. Wankan jego ba tukunya ba itace, sai butar lantarki, in tafasa in juye, in tafasa in juye, har bokiti ya cika. Ganyen darbejiya ne ya gagara. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, 'yar ƙasar, ta gan ni ina safa da marwa da ruwan zafi, ta shiga gidanta ta fito da damin ganyaye masu ƙanshin lemun tsami, da wani dutse a naɗe cikin tsumma. Ashe su ma suna jego. Suna wanka da ganye, suna gasa ciki da dutse mai zafi, suna ɗaure shi da doguwar ɗamara, kuma nasu kwana arba'in da huɗu ne. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma kullum da hantsi tana nan, muna gardama da hannu a kan zafin ruwa. Ita tana cewa ya yi yawa, ni ina cewa bai kai ba. Rukayya tana tsakiya tana cewa, "Ku dai ku daidaita, jikina ne."

Abincinsu shinkafa ce safe da rana da dare. Ta karin kumallo da madarar kwakwa suke dafa ta, a sa soyayyar gyaɗa da wasu 'yan mitsi-mitsin kifi waɗanda in a nan ne ko kaji sai sun yi tunani, da yaji mai zaƙi kamar an zuba masa sukari. Na saba da ita daga baya. Mai shayinsu kuwa ɗan'uwan namu ne, haka yake ɗaga kofi sama yana tsiyayawa har ya yi kumfa. Akwai wani ɗan itace mai ƙaya da tsohuwar ta kawo min don girmamawa. Warinsa ya kori daddawata daga ɗakin girki. Na ci don kada ta ji kunya, kuma wallahi a baki ba laifi, hanci ne dai bai yafe ba.

Da aka yi arba'in, Magaji ya ce wa Rukayya ta kawo ni in ga wurin aikinsa, ƙarfe uku na yamma. Ya faɗa ne yana kallon ƙasa. Muka goya Ummi muka hau jirgin ƙasa.

'Yan'uwa, ba kududdufi ba ne. Wani gini ne a ƙarƙashin ƙasa, duhu-duhu da sanyi, an kawo teku an zuba a bayan gilashi, mutane suna sayen tikiti su shiga kallo kawai. Ba a kamawa, ba a sayarwa, ba a ci. Ni da na shekara talatin ina fasa cikin kifi, ranar na fara ganin yadda yake tafiya in ba wanda ya dame shi. Akwai masu launi kamar atamfa. Akwai wani faffaɗa kamar tabarma, yana kaɗa gefensa yana wucewa ta saman kanmu, don hanyar ma ta cikin ruwan aka huda ta. Akwai kunkuru da ya kai faɗin tiren biki. Sai kuma wanda suke kira shak. Ya fi giwan ruwa tsawo nesa ba kusa ba, bakinsa a buɗe, haƙora a waje ba tsari, idonsa kamar na wanda bai taɓa jin tausayi ba.

Muka isa wani babban ɗaki, bango guda duk gilashi. Yara 'yan makaranta sun zauna a ƙasa, wata budurwa tana tsaye da makirfo tana yi musu bayani. Sai ga mutum biyu sun sauko daga sama cikin ruwan, baƙaƙen kaya sun ɗame su, kowa da tukunyar iska a baya kamar ta gas ɗin girki, ƙafafu da wasu faffaɗan takalma irin na agwagwa, fuska a rufe da gilashi. Kifaye suka yanyame su. Ɗaya yana miƙa musu abinci, ɗaya yana bayansa da sanda yana lura. Na ce wa Rukayya, "Oh, ko wace uwa ce ta haifi waɗannan?" Sai ta hau gyara wa Ummi hula.

Ashe abin da ke fuskar mai ba da abincin yana da waya a ciki. Yara suna ɗaga hannu, budurwar ta kai musu makirfo su yi tambaya, shi kuma ya amsa daga cikin ruwan, muryar ta fito ta lasifika. Turanci yake yi, ga ƙarar numfashi, ga gurgurar kumfa. Ban ji kalma ko ɗaya ba. Amma kafin ya fara kowace amsa sai ya ɗan yi gyaran murya sau biyu, gajere da dogo. Tun yana shekara huɗu haka yake yi in zai yi magana a gaban manya.

Muryar Magaji ce. Na zauna a ƙasa cikin yaran. Shak ɗin nan ya zo ya wuce ta gefen kafaɗarsa har jelarsa ta shafe shi. Yara suna tafi.

A nan sai na gaya muku abin da ba kowa ya sani ba. Gidanmu gidan masunta ne, kuma muna da al'ada: namiji ba ya yin nutso da fushin wani a kansa. In taru, babbar ragar kamun kifi, ya sarƙe a ƙasa za a shiga a kwance, ko za a nemo wani abu da ya nutse, sai mutum ya bi na gida ya ce a yafe shi, a ce an yafe, sannan ya tafi. Yayana Sale ya yi faɗa da mahaifiyarmu wata safiya a kan abin da bai kai ya kawo ba, kifin da ta ce ya kai wa ƙanwarta ya manta. Aka zo kiransa taru ya maƙale. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce ta yafe shi, ta yi shiru, don ta ɗan hora shi. Sai washegari aka same shi, igiya ta naɗe masa ƙafa. Na san kwanansa ne ya ƙare. Amma mahaifiyarmu ta yi shekara ashirin bayansa, kuma ban ƙara ganin ta gama cin tuwonta ba. Saboda Sale na tsaya kai da fata Magaji ya yi boko, don ya san kifi daga kan tudu.

Da ya dawo gida bayan magariba, ya zauna a ƙasa nesa da ni.

Na ce, "Shekara nawa?"

Ya ce, "Huɗu, Inna."

"Shekara huɗu kana shiga ba ka taɓa neman yafiyar kowa ba."

"Ina nema. Duk ranar da na kira ki na ce ki sa ni a addu'a, ki yafe min kurakuraina, ai shi ne."

"Wayo ka yi min ke nan. Na yafe abin da ban sani ba."

Ya ce ba kamar kogi ba ne, an horar da su, akwai ƙa'ida, kifayen a ƙoshe suke. Ya ce yana son aikin. Wannan kalmar ce ta tunzura ni. Na ce, "To ka ji da kyau. In ka sake shiga ruwan nan, ban yafe ba." Rukayya ta ce, "Haba Inna." Na tashi na shige ɗaki.

Da safe na idar da salla ina zaune a kan darduma, na ji tafiyarsa. Ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya yi gyaran muryar nan.

"Inna, yau dole in je. Ba a barin mutum ɗaya ya shiga, in ban je ba abokin aikina ma ba zai shiga ba, kuma ba wanda zai canje ni sai jibi. Ki yafe ni, zan shiga ruwa."

Na juya fuskata bango. Ya daɗe a wurin. Ina jin numfashinsa, ina jin Ummi tana tsotson hannu a ɗaya ɗakin. Daga baya na ji gwiwarsa ta yi ƙara ya miƙe, na ji ya sa takalmi, na ji ƙofa.

Na yi ta gaya wa kaina ai gaskiyata ce, ni aka ɓoye wa. Na share ɗaki, na wanke kayan Ummi, na sake share ɗakin. Rukayya ta kawo min kunu ta ajiye, ta ce, "Shi ma bai sha ba." Ta koma wurin Ummi, yarinyar nan tana da hankali. Na kalli kofin. Sai na ga ina zaune daidai yadda mahaifiyarmu ta zauna, har juya fuskar iri ɗaya. Na shekara arba'in ina ce wa kaina da ni ce ita da na amsa masa. Ga shi an ba ni irin safiyarta, na yi abin da ta yi.

Na ce, "Ƙarfe nawa yake shiga?"

"Uku, kamar jiya. Yanzu wayarsa tana cikin akwati, ba sa riƙewa."

"Ɗauko mayafinki."

Jirgin ƙasan ranar kamar da gangan yake tsayawa a kowace tasha. Muka isa, ga layin tikiti, ga mutane suna tafiya a hankali suna ɗaukar hoto. Kafin mu kai babban ɗakin sun riga sun shiga. Yana can tsakiya, ya ba mu baya.

A Wudil in ana so mai nutso ya fito, sai na cikin kwale-kwale ya bugi gefensa da filafilin tuƙi sau uku, ƙara tana tafiya a ruwa. Ban yi wani tunani ba, na ratsa yaran na je na ƙwanƙwasa gilashin da zobena sau uku. Ko kifin da ke dab da hannuna bai juyo ba. Gilashin ya fi tafin hannu kauri. Na ƙara da ƙarfi. Wani mai gadi ya zo ya tsaya tsakanina da gilashin, yana murmushi yana girgiza kai, yana nuna min wani allo. Haramun ne a can, wai yana firgita kifi. Rukayya ta yi masa magana da Turanci, ta je ta yi wa budurwar mai makirfo. Budurwar ta dube ni, ta nuna min in zauna cikin yara in ɗaga hannu kamar kowa, don kada su ga an yi musu tsallake.

Haka na zauna, ni da jikata a duniya, tsakanin wata mai kitso biyu da wani mai giɓi, na ɗaga hannu. Aka amsa wa yara uku. Rukayya ta ce ɗaya tambaya ya yi ko kifi yana barci. Sannan aka kawo min makirfo.

Ban taɓa magana a lasifika ba. Kuma ban san yadda ake fara magana ba gaisuwa ba.

Na ce, "Sannu da aiki."

Na ga bayansa ya ƙame. Ya juyo a hankali, ya matso har jikin gilashi yana neman inda nake.

"Yawwa, Inna. Sannu."

"Ya ruwan?"

"Da ɗan sanyi."

"To." Duk ɗakin ya yi tsit, ana jin wani yare da ba a taɓa ji ba. "Maganar jiya da ta safe. Na janye. Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya fito da kai lafiya."

Numfashi kawai nake ji, yana shiga yana fita, kumfa tana tashi da yawa fiye da ɗazu. Abokin nasa ya matso ya dafa shi ya leƙa fuskarsa, ya yi masa alama da hannu, shi ma ya mayar masa. Budurwar ta tambaye shi da Turanci me baƙuwa ta ce. Ya yi gyaran murya ya amsa, yara suka kwashe da dariya suna tafi. Na ce wa Rukayya me ya ce? Ta ce cewa ya yi, "Mahaifiyata ce, tana tambaya ko ruwan da sanyi." Tana faɗa tana goge ido da gefen goyo.

Bayan sun fito, shugabansu ya ba da izini aka hau da ni sama, inda baƙi ba sa zuwa. Daga can tankin kamar wata babbar rijiya yake, ga ƙugin injina, ga ƙarni irin wanda na sani. Abokin nasa, Azman, wani gajere mai furfura, ya gaishe ni ya ɗora hannu a ƙirji. Za su sake shiga wanke gilashi, na ce zan tsaya in gani. Na ga kowa ya duba kayan ɗan'uwansa, ba nasa ba: ya ja ɗamara, ya murɗa kan tukunya, ya karanta agogon iska. Na ga kowa yana da abin shaƙa biyu. Na tambaya, Magaji ya ce, "Ɗaya nawa, ɗaya nasa ne in iskarsa ta ƙare." Da wuƙa a ƙafar kowa don yanke igiya. A bakin ruwan kuma wata mata tana zaune da agogo, ba ta da aikin komai sai kallonsu, a gefenta wani guntun ƙarfe. Na ce wannan fa? Ya ce in ana so su fito, da shi ake bugun tsani. Na ce sau nawa? Ya yi dariya ya ce, "Su ba sa ƙirgawa, Inna, bugu kawai suke yi."

Na tsaya ina kallon abin shaƙa na biyun nan yana lilo a ƙirjinsa har ruwa ya rufe su. Sale shi kaɗai ya shiga, da wando da numfashi guda.

Ana gobe zan taho ya same ni ina ɗaure kaya. Ya ce, "Inna, yafiya daban, izini daban. In kika ce in bari, zan bari. Sai dai ki ba ni 'yan watanni in nemi wani aikin." Na san da gaske yake, kuma na san abin da zai bari. Na ga yadda yake taɓa kunkurun nan a wuya, na ga yadda yara suke kallonsa. Na ce ba zan amsa a ƙasar mutane ba, sai na je gida. Tsohuwar maƙwabciya ta rako ni har bakin lif, ɗakin nan mai sauko da mutane daga bene, ta cusa min dutsen gasa ciki a jaka. Da shi na ratso ƙasa uku, ba wanda ya tambaye ni.

Na iso Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwarmu, motocin shanu sun cushe hanya. Sai bayan kwana biyu, da la'asar, da 'yan sannu da zuwa suka ragu, na sami Malam a zaure yana ɗinkin wani tsohon birgi, ragar kamun kifi, da ba zai ƙara jefawa ba. Na gaya masa komai, har abin da na faɗa da wanda na janye. Na miƙa masa waya ya ga hoton da Rukayya ta ɗauka mai motsi. Ya kalla har ƙarshe. Ya ce in mayar masa farko.

Can ya ce, "Minti nawa yake yi a ƙasa?"

Na ce, "Arba'in."

Ya ajiye allurar. "Arba'in. Ni a ganiyata ban taɓa cika biyu ba." Ya sake duban wayar. "Dubi yadda yake ajiye ƙafa. Ba ya faɗa da ruwan."

Na ce, "Malam, amsa yake jira. Me zan ce masa?"

Ya ce, "Ai ba ni ya tambaya ba."

Na zauna a dokin ƙofa na daɗe. Sannan na danna wayar na yi masa saƙon murya, don ba zan iya faɗa yana saurare ba. Na ce ya ci gaba da aikinsa. Na ce kada ya ƙara ɓoye min komai don gudun ɓacin raina, kuma kada ya taɓa shiga ba Azman ko wani kamarsa. Na ce ya gaida Rukayya, ya shafa min kan takwarata.

Da safe amsa ta zo, gajeriya: "Na gode, Inna." Ina jin ƙugin injinan nan a bayansa.

To, masu tambayata ko yanzu na daina jin tsoro, ban daina ba. Ƙarfe ukun can shi ne takwas ɗin safiyar nan, daidai lokacin da nake hura wutar banda. Daga takwas zuwa tara saura ba na iya karyawa, kuma in kun zo sayen kifi kuka ga ina amsa muku sama-sama, ba wulaƙanci ba ne. Wannan kason nawa ne, na ɗauka da sanina, kuma shi ban gaya masa ba.